Tambayi Magini: Kantar kicin ta karkace, a fasa ko a cike da gam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Magini, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Dan Allah shawara nake nema. Gidan da muka tare bara kantar kicin ɗin ta siminti ce, bulo aka ja aka zuba kankare a kai, ba tayil ba komai sai shafen filasta. To yanzu na kwashi adashi ina so a ɗora mini dutsen giranit, amma matsalar kantar ba ta kwanta daidai ba, in na ajiye ƙwai ko lemo sai ya kama hanya ya nufi wajen sinki, in ina suya a kan ɗan gas ɗina na tebur sai mai ya taru gefe guda na kasko, ƙosai rabi na iyo rabi na kan tudu, ga wani ɗan ƙusumbi a tsakiya da hannu ma yana jin sa. Mai dutsen ya zo ya duba ya ce ba komai Hajiya, gam zai cike ko'ina, maigida kuma ya ce a fasa gaba ɗaya a sake zubawa, ni kuma kuɗin ba za su kai ba. Tsawonta mita 3, faɗi santimita 60. Maganar wa zan bi? Daga wata uwargida a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a adashin nan. Na yi dariya da maganar ƙosai, amma wallahi kaskon nan naki ya fi wasu masu aikin faɗin gaskiya, don mai ba ya ƙarya, inda ya kwanta nan ne gangare.

Kada ki bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Maigida ya yi nisa, mai dutse kuma sauri yake ya karɓi kuɗinsa. Ba a fasa kantar sai in ita kanta kankaren ce ta lalace, wato ta tsage tsagewar da ta ratsa daga sama har ƙasa, ko kin leƙa ta ƙarƙashi kin ga rodi a waje ya yi tsatsa yana tunkuɗo siminti, ko kin danna ta kin ji tana motsi a kan bulon. In babu ɗaya daga cikin ukun nan to lafiyarta ƙalau, fuskarta ce kawai ke son gyara, kuma gyaran bai kai kuɗin buhun siminti guda da 'yan kwanukan yashi da ladan birkila na yini ɗaya ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne dutse ba ya lanƙwasa. Tayil ƙanana ne, kowanne zai iya ɗan bin tudu da kwari ya zauna, shi kuwa giranit falle guda ne miƙaƙƙe, in aka ɗora shi a kan kanta mai ƙusumbi sai ya hau kan ƙusumbin ya zauna kamar sirdi, gefe da gefe suna reto a iska. Dutse mai kaurin santimita 2 nauyinsa ya kai kilo 54 a kowace murabba'in mita, naki na mita 3 da faɗin 60 zai doshi kilo 100, buhun siminti biyu kenan, duk a kan tudu guda. Giranit yana jure danniya sosai, abin da ba ya jurewa a ja shi ko a tanƙwara shi, shi ya sa ranar da yaro zai hau gefen da ke reto don ya ɗauko wani abu a saman kabad, ko ki ɗora ƙaramin turmi ki fara jajjagen attaruhu daidai inda ƙarƙashinsa rami ne, sai ki ji ƙas, shikenan. Kuma in ya tsage ba a ɗinke shi ya koma yadda yake, ana dai liƙewa, tabon yana nan.

Ni kaina na taɓa wannan kwaɓar ina yaron aiki. An ba mu sa mabul a wani gida, oga ya tafi wani aikin ya bar ni, na ga gefe ɗaya ya yi ƙasa sai na yayyaga kwalin indomi na ninka na cusa har ya daidaita, na shafe bakin da farin siminti, ya yi kyau abinsa kamar a hoto. Ba a yi wata uku ba ruwan wanke-wanke ya shiga, kwali ya jiƙe ya lotsa, dutse ya rabe biyu daidai bakin sinki. Kuɗin aikina na wata biyu ya tafi a nan, ban da kunyar da na sha a gaban matar gidan, wadda har abinci take zuba mana.

To a fara da awo, kuma awon nan ke ma za ki iya tsayawa a yi a gabanki. A samo tiyo siriri fari wanda ake ganin ruwan cikinsa, a cika shi da ruwa a tabbata babu kumfar iska a ciki, mutum biyu su riƙe bakin biyu. Ruwa a tiyo kullum tsayinsa ɗaya ne a baki biyun, don haka sai a yi alama a bango a wannan ƙarshen kanta, kamar taƙi guda sama da ita, a kai ɗaya bakin can ƙarshen a yi alama inda ruwa ya tsaya, a haɗa alamomin da layin alli ko fensir. Na fi yarda da tiyon nan a kan ɗan gajeren lebul ɗin da masu aiki ke yawo da shi a aljihun baya, wancan mai ɗigon iska a cikin ruwa a tsakiya, don yawancinsu sun sha faɗuwa daga kan sikafol, wato dandamalin da magina ke hawa, sun daina faɗin gaskiya, in kina so ki gane sai ki ce a ajiye shi a karanta, a juya shi baki ya koma baya a wuri ɗaya a sake karantawa, in ɗigon bai tsaya wuri guda ba to lebul ɗin ne ke da ciwo.

Daga layin nan sai a riƙa aunawa da tef zuwa kan kanta, kowane santimita 30, a rubuta lambar a wurin da alli. Inda lambar ta fi ƙanƙanta nan ne tudu mafi tsayi, inda ta fi girma nan ne kwari. A kuma ɗora renji, wato doguwar sandar alminiyon ɗin nan ta masu filasta, a tsaye da kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashinta, in ma da tocilan waya a haska ta baya duk ramin zai fito fili. Kar a manta gaba da baya, kanta da yawa tsawonsu lafiya lau amma sun sunkuyo gaba, ko sun kwanta baya ruwa na taruwa jikin bango.

Masu sana'ar dutse abin da suke yarda da shi bai wuce milimita 3 ba a tsawon mita 3. In ba ki da abin auna milimita ki haɗa katin ATM huɗu, kaurinsu kusan milimita 3 kenan, in sun shige ƙarƙashin renji suna wasa to wurin ya wuce ƙa'ida. In duk bambancin bai wuce haka ba mai dutsenki ya yi gaskiya, gam zai ɗauke. Amma kantar da ƙwai ke gudu a kanta, ina kyautata zaton za ki samu santimita 1 ko 2 ko fiye, kuma gam ɗin tayil ba don cike rami aka yi shi ba, shimfiɗa shi ake yi siriri da cokali mai haƙora, in aka tula shi da kauri yana bushewa yana tsukewa, ya janye ya bar rami, ga tsada, buhunsa ƙarami kuɗinsa babba. Mafi muni shi ne abin da wasu ke yi, su ɗiga gam curi biyar kamar an ajiye tuwo, ɗaya a kowace kusurwa ɗaya a tsakiya, su danna dutse a kai. Rana ɗaya aiki ya ƙare, tsakanin curin nan kuwa duk kogo ne, gidan kyankyasai da ruwan datti.

Ƙusumbin tsakiyan nan shi za a fara yi wa magani. In ɗan wuri ne kamar tafin hannu ko faranti, a sassaƙe shi da guduma da kurfi a hankali, ko a ci shi da giranda, wato injin gurza na hannu, ya fi sauƙi a rage tudu ɗaya da a ɗaga kanta gaba ɗaya don a kamo shi. A hankali na ce, don kankaren kanta ba kauri gare ta ba, in aka samu mai ƙarfin hannu yana dukanta kamar yana fasa dutsen Dala zai jawo abin da maigida ke faɗi tun farko. In an fara hango rodi a tsaya.

Sai wanki. Shekara guda kina girki a kan simintin nan, ya sha mai ya sha manja, kuma sabon kwaɓi ba ya kama wurin da ke da maiƙo ko kaɗan. A kankare tsohuwar filastar duk inda aka ƙwanƙwasa aka ji tana amsawa kamar ganga, a farfasa fuskar da bakin guduma ta yi kaushi, a wanke da omo da ruwan zafi da burushin ƙarfe, a ɗauraye sosai. A jiƙa ta tun daren ranar da za a yi aiki, da safe ta zama mai danshi amma ba ruwa kwance ba. Dalili shi ne busasshiyar kankare ƙishirwa gare ta, tana shanye ruwan sabon kwaɓi kafin ya kama, sai ki ga bayan sati ya ɓanɓaro kamar ƙanzo.

Kwaɓin kuwa siminti 1 yashi 4, yashi mai kaifi wanda aka tankaɗe, ba mai laka ba. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, to kwano ɗaya na siminti da huɗu na yashi ya ishi kantarki har ya yi saura in kaurin bai wuce santimita 2 da rabi ba. Kar a cika ruwa, a kwaɓa shi yadda in an dunƙula a hannu zai tsaya bai zuba ba. Kafin a zuba sai a dama zallar siminti da ruwa kamar kunu a shafa da burushi, a zuba kwaɓin tun kunun bai bushe ba, in ya bushe ya zama shamaki maimakon maɗauri. Birkilan kirki zai fara ajiye 'yan tabo na kwaɓi nan da can, ya ɗora gutsuren tayil a kan kowanne, ya auna daga layin bangon nan har duk su zo tsayi ɗaya, ya kafa katako a bakin kanta ya tare, sannan ya cike tsakani ya ja renji a kan tabon. Kuma ko a wuri mafi tudu kwaɓin ya samu kaurin santimita 1 da rabi zuwa 2, don siminti da yashi in aka shafa shi siriri ya ƙare kamar bakin wuƙa, nan yake fara marmashewa. Kar a goge fuskar ta yi sulɓi da cokalin ƙarfe, a bar ta da ɗan kaushi na katako don gam ya samu abin kamawa.

In awo ya nuna ramin bai kai santimita 1 ba, nan kam ba sai an yi duk wannan ba, ana iya shafe kwarin da gam ɗin tayil a ja da renji, a bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu, sannan a zo a sa dutse da sabon gam. Sau biyu kenan, ba a haɗa cike rami da ɗora dutse a zama ɗaya.

Wani abu da ake mantawa, tsayi. Kanta dai santimita 90 ake so daga ƙasa har saman dutse. Ki lissafa kwaɓi 2, gam rabi, dutse 2, kin ƙara kusan santimita 5 kenan, ga gas na tebur a kai ga tukunya, in ke ba doguwa ba ce tuƙin tuwo zai koma aikin kafaɗa. Ki duba kuma kan famfo da soket da bakin taga kar sabon tsayin ya cinye su. In kantar da ma ta yi tsayi, gara a sassaƙe tsohuwar filastar duka a fara daga kan kankare.

Bayan an zuba sai haƙuri, kuma nan ne ake faɗa da masu aiki da masu gida duka. Kwana 7 ana yayyafa ruwa safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko leda, musamman in hunturu ne, iskar Zariya kin san ta, wadda ke fasa leɓe da dunduniya ba za ta bar ɗanyen siminti ba. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, ruwan ne yake ci ya yi ƙarfi, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, amma don ɗora dutse in kin ba shi sati biyu kin yi masa adalci. A koma girki a tsakar gida ko a kan benci na ɗan lokacin.

Kuma dan Allah kar a yanka dutsen sai an gama wannan duka. Bangon gidajenmu ba kasafai yake miƙewa ba, kusurwa ma ba kasafai take cika sukwaya ba, sai a yanko kwali ko siririn filawud a kwaikwayi kantar a wurin, da ramin sinki da komai, a kai wa mai yanka. A bar dutsen ya leƙo gaba santimita 3 ko 4, a ce ya tsaga ɗan siririn layi a ƙarƙashin leɓen don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin kabad. Wajen sinki kuwa, 'yan siraran dutsen nan biyu na gaba da baya su ne suka fi saurin karyewa, a tabbata sun zauna a kan gam ko'ina, kuma masu ɗauko shi su riƙo shi a tsaye kamar gilashi, kar su ɗauko shi a kwance kamar tabarma. An gama sawa ki ɗauki makulli ki bi shi kina ƙwanƙwasawa kafin ki biya cikon kuɗi, inda ya ce ƙwal ƙwal da sauti mai kauri ya zauna, inda ya amsa kamar ƙwarya akwai kogo.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Tawa kantar tayil ne a kai tun gini, wasu sun fashe. Zan iya ɗora mabul a kansu kai tsaye don gudun ƙura? Daga wani ango a Katsina.

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya ba da zaman lafiya. Ana yi, in tayil ɗin duk sun kama daram kuma sun kwanta daidai, a kankare ƙyallin fuskarsu a sa gam mai kyau. Amma tunda ka ce wasu sun fashe, to alama ce ƙarƙashinsu akwai rami, ka ɓanɓare su kawai, aikin awa biyu ne, ka bi abin da na faɗa wa Hajiya a sama. Sannan ka sake tunani a kan mabul ɗin. Yana da kyau, muna ma da shi a ƙasar nan, ana haƙo shi a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo, sai dai dutse ne da tsami ke ci, lemon tsami, ruwan tsamiya, tumatir, duk suna dusashe masa fuska, manja kuma ya shige shi ya zauna. Kicin ɗin da za a dama kunun tsamiya a yi miyar ɗage-ɗage, giranit ya fi dacewa da shi. Ka tambayi amarya ma tukuna, ita za ta tsaya a wurin.

TAMBAYA: Salam Baba Magini. Ni kafinta ne, na haɗa wa wani kabad ɗin kicin na katako, da na kai na jera sai na tarar daɓen ɗakin gangare ne, saman kabad ya bi shi. Mai dutse zai zo jibi. In cusa 'yan katakai tsakanin kabad da dutsen? Daga Abuja.

AMSA: Abokin aiki sannu da fama. Daɓen kicin da yawa da gangan ake karkata shi don ruwan wanki ya nufi ƙofa ko magudana, don haka ba laifin mai tayil ba ne. Gyaranka daga ƙasa za ka yi shi, ba daga sama ba. Ka nemo inda daɓen ya fi tudu, ka fara zaunar da kabad ɗin wurin, sauran ka ɗaga su su kamo shi, ko da ƙafafun roba masu murɗawa ɗin nan, ana samun su wajen masu kayan kabad a kasuwar Dei-Dei, ko da 'yan fegi na katako mai ƙarfi ko na roba a ƙarƙashin gindin, ka ɗaure kabad da kabad da sukuru, ka kafe su a bango, sannan ka rufe gindin da allon ƙafa wanda ka yanka ya bi gangaren. Ɗaga su ɗin ma alheri ne, in MDF, allon nan na garin katako da aka matse, ka yi aiki da shi ka san yadda yake kumbura in ya sha ruwan mofa.

Fegi a saman kabad sai dai na ɗan milimita 1 ko 2 da ya rage, shi ma a jera su kusa da kusa. In dutsen mai santimita 2 ne ka shimfiɗa filawud mai milimita 18 a kai tukuna, wanda ba ya jin ruwa, dutsen ya kwanta a kansa da gam ɗin silikon. In akwai inda zai leƙo babu komai a ƙarƙashi, irin wajen zaman cin abincin nan, mai kaurin santimita 2 kar leƙowarsa ta wuce santimita 15 ba tare da ƙarfen tallafi ba, mai santimita 3 kar ya wuce 25.

Ka kuma ja kunnen mai dutsen da yaransa, in za su yanka ko su goge a wurin su yi da ruwa, su rufe hanci da abin kirki, ba ƙyallen riga ba. Ƙurar dutse tana zama a huhu ba ta fita, balle ta kwatz, dutsen nan na haɗin kamfani da ake yayi yanzu, wanda saboda cutar huhu da ya jawo wa masu yanka shi ƙasar Ostireliya ta hana aiki da shi tun 1 ga Yulin 2024. In jibin ya yi maka kusa ka kira shi ka ɗaga zuwa gata, ka gaya wa mai gidan dalili.